Yadda Za Ka Yi da Haɓar Bambar Gaba Idan Ka Saukar da Mota Ƙasa

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu son motarsu ta zauna ƙasa. An canza sifirin, mota ta yi kyau, amma duk tudun rage gudu da duk mashigar gida sai an ji ƙurrr a ƙarƙashin bamba. A cire robar nan a huta, ko a yanke ta? Amsar ita ce a rage ta da awo, kada a cire ta.

Robar da ake nufi ita ce baƙar haɓar da ke rataye a ƙasan bambar gaba, ko ɗan can ciki a ƙarƙashin lagireto, mai tsayin yatsu biyu zuwa huɗu. A littafin kamfani eya dam ake ce mata. Daban take da faffaɗar robar da ke rufe cikin inji daga ƙasa. Idan mota tana gudu, iska tana cunkushewa a gaban haɓar, bayanta kuma matsin ya ragu, sai wannan bambanci ya zuƙo iska ta cikin lagireto ta fice ta ƙasa. Aikinta na biyu shi ne ita take fara taɓa ƙasa, ka ji ƙara ka tsaya, tun kafin kwanon baƙin mai ya isa wurin.

Kayan aiki da kuɗi

Kana buƙatar tef ɗin awo, alli ko farar maka, salatif ɗin takarda irin na masu fenti, katako miƙaƙƙe mai tsawon mita ɗaya da rabi, jak da ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota. Sai sifana mai lamba 10 idan motar ta Japan ce, sukudireba mai bakin tauraro T20 zuwa T30 idan ta Jamus ce, lamba 7 a kan motocin kamfanin GM na Amurka da yawa. Na yanka kuma: wuƙar reza sabuwa, almakashin yankan kwano, zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, da samfefa mai lamba 80 da 180.

Sayi kilif, wato 'yan maɓallan roba da ke riƙe haɓar, guda goma kafin ka fara, don tsofaffin sun bushe a rana, rabinsu karyewa za su yi. Ka ɗauki ɗaya ka tafi da shi kasuwa a gwada, domin ramukan suna bambanta tsakanin milimita 7, 8 da 9. Ka nemi kuma ɗan abin karanta kwamfutar mota, ELM327 mai Bluetooth, wanda a intanet bai kai dala 20 ba. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da wurin jona shi a ƙarƙashin sitiyari.

Rage haɓar da kake da ita bai wuce kuɗin kilif da aikin awa ɗaya zuwa biyu ba. Haɓa 'yar Beljiyam a Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja ta fi haka, amma ba ta kama ƙafar kuɗin bamba da fenti ba. Gasket ɗin kan inji da ya ƙone saboda an cire haɓa inji ya yi zafi kuwa ya fi su duka a haɗe. In hali ya yi, sayi haɓa ta biyu ka yanke ta, ka ajiye ta asali.

1. Gano ta ina motarka take shan iska

Tsaya gaban motar ka duba. Camry, Accord, Corolla, Golf da 406 suna da raga a sama da wata a cikin bamba, iska tana shiga kai tsaye. A kansu haɓa taimako take yi, kuma suna jure a rage ta.

Akwai waɗanda gabansu kusan a rufe yake, ta ƙasa suke shaƙa. Corvette na 1984 zuwa 2004, da Camaro da Firebird na shekarun 1980 har 2002, su ne sanannu a wannan. A kansu haɓar ce take ɗebo iska ta tura wa lagireto, kuma cire ta yana sa inji ya yi zafi a babbar hanya alhali a cikin gari lafiya lau. Alamar irin wannan mota ita ce lagireto a karkace da haɓa daidai ƙarƙashinsa. In taka irin su ce, tsakiyar haɓar ba abin taɓawa ba ne, gefe biyu kawai za ka iya ragewa.

Mota mai tobo, wato abin da ke cusa wa inji ƙarin iska, ita ma a bi ta a hankali, domin abin sanyaya iskar tobon galibi yana can ƙasa, kuma da wannan iskar yake aiki.

2. Yi awo tun ba a taɓa sifirin ba

Ajiye motar a kan siminti mai daidaito, iskar tayoyi daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, tanki aƙalla rabi, wani mai nauyinka yana zaune a kujerar direba. Rubuta waɗannan:

- daga ƙasa zuwa bakin haɓa, a tsakiya da hagu da dama;
- daga ƙasa zuwa bakin bambar kanta;
- daga ƙasa zuwa ƙarfe mafi kusa da ƙasa, ko kwanon baƙin mai ne, ko gadon inji, ko bututun salansa;
- daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, a tayoyi huɗu;
- daga inda tayar gaba ta taka ƙasa zuwa daidai ƙarƙashin haɓa.

Awon tsakiyar wili shi ne zai nuna maka ainihin saukar da sifirin ya yi, domin iskar taya ba ta shafar sa.

A ranar kuma ka jona ELM327, ka buɗe manhajar Torque ko Car Scanner a waya, ka hau babbar hanya da rana tsaka, na'urar sanyi a kunne, gudun kilomita 100 na minti 15 zuwa 20. Wanda ke gefenka ya rubuta zafin ruwan inji. Wannan lambar za ka koma wa a mataki na 9.

Gargaɗi: kada ka dogara da allurar zafi ta dashbod. A yawancin motocin zamani an yi ta ne ta tsaya a tsakiya ko da zafin ya motsa da digiri goma ko fiye. Kafin ta ɗaga, abin ya riga ya yi nisa.

3. Lissafa abin da zai rage maka

Sifirin ɗin saukarwa na Eibach Pro-Kit ko H&R galibi suna sauke mota santimita 2.5 zuwa 4. Koiloba, wato shokazoba mai zaren daidaita tsayi, tana iya wuce haka nesa. Abin da mutane suke mantawa shi ne taya. Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle, tana zuwa da 215/60R16, faɗinta daga sama zuwa ƙasa kusan milimita 664. Ka sa mata 225/40R18, ya koma 637. Rabin bambancin, kusan milimita 14, shi ne ƙarin saukar da motar ta yi ba tare da an taɓa sifirin ba. Da 225/45R18 aka sa, milimita biyu zuwa uku kacal za a rasa.

A ce haɓarka tana santimita 16 daga ƙasa, nisanta da taya 70. Raba 16 da 70, za ka ga motar tana iya hawa gangaren da ke tashi santimita 23 a kowace mita. Cire 3.5 na sifirin da 1.4 na taya, saura 11, gangaren ya koma 16 a mita. Taka birki a gaban tudu, hancin ya sunkuya wasu santimita uku ko fiye, haɓar ta koma santimita 8 daga ƙasa. Nan ƙurrr ɗin yake fitowa.

A Ostireliya doka ta hana cikin mota ya yi ƙasa da santimita 10, a Ingila kuma tudun rage gudu ba ya wuce santimita 10. Tudun da 'yan unguwa suka haɗa kuɗi suka zuba da kansu babu ruwansa da wannan lissafi. Don haka a hanyoyinmu santimita 12 a ƙarƙashin haɓa, da direba a ciki, shi ne abin da ya kamata a nema. Ɗauki tef ka auna tudun layinku da hawan ƙofar gidanku, su za ka riƙa haɗuwa da su kullum. In lissafi ya nuna ko an rage haɓa ba za a kai 10 ba, sifirin ɗin ne ya yi yawa, ka nemi mai ƙaramar sauka.

4. A saukar, sannan a jira

Sa sifirin aikin bakanike ne mai abin matse sifirin. Ka tabbata an ɗaure notunan bushin ɗin hannun ƙasa bayan mota ta zauna a kan tayoyinta. In aka ɗaure su tana rataye, bushin ɗin zai zauna a murɗe, ya riƙe motar sama na 'yan kwanaki, sannan ya yage.

Gargaɗi: kada a yanke sifirin na asali, kada a gasa shi da wutar walda don ya lanƙwashe. Wanda aka gasa ya rasa ƙarfinsa, zai ci gaba da zama, gefe ɗaya ya fi ɗaya, duk awon da ka yi ya tashi a banza.

Sabon sifirin yana ƙara zama 'yan milimita a farko. Yi tuƙi na mako ɗaya zuwa biyu a hankali, a yi alaimen, a daidaita fitilun gaba, sannan ka sake awon mataki na 2. Wanda ya yanke haɓa ranar da aka sa sifirin, sau biyu zai yanke.

5. Gwajin katako

Wannan mataki minti biyar ne, amma shi ke hana yankan banza. Cusa bakin katakon a gindin tayar gaba, ka ɗaga ɗaya bakin a hankali har ya taɓa wani abu. Duba me ya taɓa.

In haɓa ce, rage ta zai yi amfani. In bakin bamba ne ya riga ta, to a hawan ƙofa da kwalbati bambar ce ke gogawa, kuma ko ka cire haɓar gaba ɗaya ƙarar ba za ta daina ba. Wannan yana yawan faruwa a motocin da haɓarsu take can ciki kusa da taya. Maganinsu yana mataki na 8.

Leƙa ka karanta tabon da ke jikin robar ma. Goguwa a bakin ƙasa kawai, robar tana lanƙwasawa ta dawo, ba matsala ba ce, don haka aka yi ta, kana iya barin ta ta ci kanta. Farin layi a gindin robar, ramin kilif da ya yage, ko gefen bamba da ya fara buɗewa kusa da fitila, su ne ke nuna bugun yana kaiwa ga bamba.

6. Cire haɓar

Inji ya huce. Ja birkin hannu, tokare tayoyin baya, ɗaga gaba, ka sa ƙafafun ƙarfe.

Gargaɗi: ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, bulon siminti kuma fashewa yake ba sallama. Cire kan batir na baƙar waya, domin fankar lagireto tana iya tashi da kanta a wasu motoci ko da an kashe inji.

Ɗauki hoto kafin ka kwance komai. Kilif ana fara ɗago ɗan tsinken tsakiyarsa da siririyar sukudireba, sannan a zaro jikin. Noti mai tsatsa a fesa masa mai a ba shi minti goma. Kula da siririyar wayar abin auna zafin waje da wayoyin fitilar hazo, sau da yawa a nan suke maƙale.

Juya haɓar ka karanta tambarin bayanta. PP, PP+EPDM ko TPO roba ce mai lanƙwasa, tana yankuwa lafiya. ABS ta fi tauri, tana tsagewa in aka matsa mata. Irin ta kwalliya da ake yi da faiba ba ta lanƙwasa ko kaɗan, bugu ɗaya take fashewa, bai kamata ta zama mafi kusa da ƙasa a motar da aka saukar ba.

7. Yankan

Dokoki uku ne. Kada ka yanke fiye da abin da motar ta sauka. Ka bar aƙalla kashi biyu cikin uku na tsayinta a tsakiya, daidai faɗin lagireto. Kuma bayan yanka, bakinta ya kasance ƙasa da ƙarfe mafi ƙasa da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, don ta ci gaba da yi maka gargaɗi. In dokokin suka ci karo, ta ukun ce gaba.

Gefe biyu, daga ƙarshen lagireto zuwa taya, kana iya rage su fiye da tsakiya. Su suka fi gogawa idan ka hau tudu a karkace, kuma ba su ne ke ciyar da lagireto ba. Ka bar 'yan ƙananan robobin da ke gaban kowace taya, aikinsu kawar da iska daga taya ne, ba safai suke taɓa ƙasa ba tunda tare da taya suke hawa.

Wanke robar, ka auna daga gefen sama inda kilif suke shiga, ka sa ɗigo kowane santimita 10. Kada ka auna daga bakin ƙasa, ya riga ya ci ba daidai ba, layinka zai bi karkatarsa. Haɗa ɗigon da salatif, gefen salatif ɗin shi ne layin yanka.

Fara da santimita ɗaya. Roba mai laushi a ja mata reza sau uku ko huɗu a layi ɗaya, ba a neman ratsa ta a ja guda. Mai kauri a bi ta da zarto, wani yana riƙe da ɗaya ƙarshen don kada ta yi ta rawa. Ajiye ta a rana na rabin awa kafin yanka yana sa ta yi taushi.

Gargaɗi: kada a sa mata giranda. PP tana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 170, dutsen zai narkar da ita ya bar baki mai dunƙule-dunƙule, kuma yana saurin ƙwacewa ya wuce layi.

Inda tsakiya mai tsawo ta haɗu da gefe mai gajarta, kada ka bar kusurwa mai kaifi, daga nan tsaga take farawa. Huda rami na milimita 6 a kusurwar, yankan ya ƙare a cikinsa, ko ka yi gangare mai tsawon tafin hannu. Goge bakin da samfefa 80 sannan 180.

In ka tarar da tsaga, huda ƙaramin rami a ƙarshenta don ta tsaya. Sufa gulu da Araldite ba sa kama PP, gyaran gangar Auzinawa ne. Mai gyaran bamba ya narka ta da sandar roba irin tata.

8. In haɓar ta lalace, ko bamba ce ke gogawa

Ana yin sabuwa da tsohon bel ɗin ɗaukar kaya na masana'anta, ko robar tare taɓo ta babbar mota, mai kaurin milimita 4 zuwa 6. Yanko tsiri mai faɗin lagireto da ƙarin tafin hannu kowane gefe. Ɗaure shi a jikin alminiyam mai kusurwa, milimita 25 da 25, da noti M6 kowane santimita 15, da wasa mai faɗi ta gefen robar don kada notin ya ratsa ta. Alminiyam ɗin ya hau ramukan asali.

Gargaɗi: kafin ka huda sabon rami, sa hannu ka lalubo abin da ke bayan wurin. Tankin ƙasan lagireto, kwandensa ta na'urar sanyi da bututun man giya duk suna nan kusa. Naɗa salatif a jikin bakin injin hudar a santimita ɗaya don kada ya zarce.

Tura robar da yatsu biyu. Ta yi maka gardama, ta lanƙwasa, ta dawo. Wadda ta yi laushi kamar tsumma, iska za ta kwantar da ita a gudun 100, tana nan amma ba ta aikin komai. Kada kuma a yi haɓa da ƙarfe zalla, bugun zai wuce kai tsaye zuwa mazaunin lagireto.

In bakin bamba ne ke gogawa, yanko ƙananan guntaye daga farin faifan roba na yanka nama, kaurin santimita ɗaya, girman kwalin ashana. Goge gefunansu su yi gangare, ka ɗaure huɗu zuwa shida a ƙarƙashin bamba inda tabon yake, kan notin ya nutse cikin robar. Su za su riƙa ci maimakon fenti.

9. Mayarwa da gwajin zafi

Sa duk kilif da noti a sake tukuna, sannan ka ɗaure daga tsakiya zuwa gefe. Notin da ke shiga roba da hannu ake ɗaure shi, da ya kama ka tsaya. Kada a maye gurbin kilif da waya. An yi kilif ne ya saki in bugu ya yi yawa, waya kuwa za ta riƙe har ta ja bamba.

Tunda kana ƙarƙashi, duba robobi da soson da ke toshe gefen lagireto. Motocin da aka taɓa yi wa gyaran gaba sukan rasa su, iska ta riƙa zagayawa ta gefe. Toshe waɗannan ramuka yana iya mayar maka da abin da yankan ya rage. Wanke tsakanin kwandensa da lagireto da ruwa marar ƙarfi, ƙurar hunturu da ciyawa suna taruwa a wurin.

Yanzu maimaita gwajin mataki na 2: hanya ɗaya, lokaci ɗaya, gudu ɗaya, na'urar sanyi a kunne. Gwaji a cikin cunkoso ba ya nuna komai game da haɓa, domin a can fanka ce ke aiki. Sai an wuce kilomita 50 zuwa 60 iskar gudu take karɓar aikin. A yawancin motocin Toyota tamostat, wato bawul ɗin da ke sakin ruwan inji zuwa lagireto, yana buɗewa a wajen digiri 82, kuma a babbar hanya lambar takan zauna tsakanin 85 da 95. Ƙarin digiri biyu ko uku a kan lambarka ta farko ba komai. Ƙarin da ya wuce biyar, ko lambar da ke ta hawa ba ta tsayawa, ko fankar da ke tashi kana gudun 100, yana nufin an yanke da yawa. Mayar da ta asali ko ka ƙara tsiri. Wanda ya bar ta haka, garin neman gira zai rasa ido.

Gwajin da aka yi a Disamba a sake shi a Afrilu. Motar da ta wuce lafiya cikin sanyi ba lallai ta wuce hanyar Sakkwato, Maiduguri ko Yamai ba lokacin da zafi ya haura digiri 40. In kuma an taɓa cire maka tamostat aka haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda ake yawan yi, a mayar da su yadda suke kafin gwajin farko, in ba haka ba lambobin ruɗa ka za su yi.

10. Tuƙin motar da ta sauka

Gama birki kafin tudu, ka sake shi kamar mita ɗaya kafin taya ta taɓa, hancin ya ɗago. Hau a karkace, taya ɗaya ta riga ɗaya, haka ma mashigar gida da ta gidan mai. Saukowa a yi ta da birki a hankali, domin a nan hanci yake dukan ƙasa.

Abin da ya fi yage bamba shi ne ribas. Ka matsa gaba, haɓa ta lanƙwasa ta haye dakalin ajiye mota ba ka ji ba, da ka ja baya sai ta maƙale ta fizgo bamba. In ka ji ta haye wani abu, fita ka duba. Wani ya danna robar sama da hannu ko da katako kana ja baya sannu, ko a sa katako a bayan tayoyin gaba su hau, hancin ya ɗago. Duk lokacin juyen baƙin mai a leƙa a ƙirga kilif, wanda ya faɗi a sa sabo tun iska ba ta kama gefen da ya saki ba.